Tulun Keziya a Bakin Ramin Lahira

A bayan makabartar Rafin Tsamiya akwai wata ƙofa a jikin dutse, amma ba kowa ke ganinta ba. Mai kuka ba ya ganinta, don hawaye sun rufe masa ido. Sai wanda fushi ya ƙone wa hawaye tun kafin su zubo. A zamaninmu mutum ɗaya aka sani ta shiga ta fito, ita ce Keziya matar Irmiya, wadda ake kira Maman Godiya.

Keziya ce mai buga babban tulu a Zumuntar Mata ta majami'ar ƙauyen. In an yi rasuwa, matan zumunta ne ke raka gawa da waƙa har bakin kabari, tulun Keziya kuma shi ke riƙe musu kiɗa. Ta raka tsofaffi, ta raka jarirai, ta raka har waɗanda ba sa amsa gaisuwarta suna da rai. Mijinta Irmiya mutum ne mai sanyin hali da ƙarfin noma, sai dai burukutu ta riƙe masa wuya. Ya bari ya koma, ya bari ya koma, har dattawan ikkilisiya suka sa shi a horo. Wanda ke horo ba ya cin Jibin Ubangiji, wurin zamansa kuwa wani benci ne can baya kusa da ƙofa. Duk da haka Irmiya bai taɓa fashin Lahadi ba. Yakan zauna a bencinsa ya saki wata murya mai kauri, kullum a makare, jama'a sun kai ƙarshen baiti shi yana tsakiya. Yara su yi ta dariya, Keziya ta yi ta harararsa daga gaba.

Ana nan sai maciji ya sare shi a gona, ba kowa kusa. Da aka same shi a gindin ɗorawa rai ya riga ya yi halinsa, kuma ba wanda ya san abin da ya faɗa a ƙarshe.

Majami'ar ba ta da fasto a lokacin, Dattijo Barnabas ne ke riƙe da ita. Ya ce wanda ya mutu a cikin horo ba a raka shi da waƙa. Matan da Keziya ta buga wa tulu a makokin iyayensu suka naɗe hannu, aka kai Irmiya shiru kamar an je binne akuya. Da a nan Dattijo ya tsaya da da sauƙi, amma ina. Ya tsaya a bakin kabari, ya nuna ramin da sandarsa ya ce, "Ku kalli wannan ku ji tsoro. Wanda ya mutu a bencin baya mun san inda ya nufa. Yanzu haka yana neman ɗigon ruwa bai samu ba."

A gaban matar mamaci ya faɗi haka, a gaban 'yarsa. Ni mai ba ku labarin nan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da suka koma gida Godiya ta ƙi cin abinci. Ta dubi uwarta ta ce, "Mama, da gaske Baba yana cikin wuta?"

Keziya ta miƙe. Ta ɗauki tulun kiɗanta, wanda bai taɓa ganin ruwa ba tun da aka gina shi, ta gangara rafi ta cika shi fal. Ta ɗora gammo, ta ɗora tulu, ta nufi makabarta da rana tsaka, idonta a bushe ƙamas. Tana cewa a ranta, in ƙishirwa yake ji, to matarsa na da ƙafa. Tana ɗaga kai sai ga ƙofa a jikin dutse, a buɗe.

A bakin ƙofar wani aljani ne zaune, gwiwoyinsa sun wuce tsayin rumbu, gashin kansa duk saiwar bishiya. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, mutane ba sa shiga nan da ƙafarsu. Ɗauko su ake yi."

Keziya ta ce, "To matsa, yau ka ga ta farko."

Ya miƙa hannu ya tare ta. Da tafinsa ya taɓa kafaɗarta sai ya janye da sauri yana hura yatsunsa. Ya ce, "Wannan zafi ba na rana ba ne. Wuce, ya ke mai tulu. Amma ki riƙe abu guda: duk wanda ya ce ki zauna ki huta, kada ki zauna. Wanda ya zauna a can ya zama ɗan gida."

Ta shiga wani kwari wanda inuwa ce ke tsiro a cikinsa maimakon ciyawa. Hanyar ba ta fi faɗin kunyar gona ba, hagu rami, dama rami. Iska ta taso ta kama tulun tana fizga, Keziya ta dafe shi da hannu biyu tana zagin iskar har ta lafa. Wasu tsuntsaye masu haƙoran mutane suka sauko suna neman tsoma baki a ruwan, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure bakin tulun. Gaba kaɗan ta tarar da kogin toka mai gudu, ba kwalekwale, ba gada. Ta tattare zane ta shiga, toka ta kai mata ƙirji, ta kai mata haɓa, ta fita a wancan gefe fari fat. Can ta ji muryar mahaifiyarta, wadda ta rasu tuntuni, tana cewa, "Keziya 'yata, ga tabarma, zauna ki sauke kayan nan." Keziya ta gyara tulun a kanta. Ta cije leɓe ta ce, "Uwata ba ta taɓa cewa in zauna ba alhali aiki na gabana," ta wuce.

Tafiya ta yi tafiya, sai ga ganuwar wani birni baƙi ƙirin, tsayinta ya ɓace a sama. Abin mamaki, ƙyauren ƙofar birnin na ƙarfe yana kwance a ƙasa, ya lanƙwashe, kuma ga alama daga ciki aka banƙare shi. Kusa da shi wata tsohuwa ce ke shara da tsintsiya mai tsawon giginya. Duk abin da tsintsiyar ta taɓa sai ya bushe. A ƙugunta akwai wata igiya da aka tsinke tana reto, a ƙafarta kuma wata kunama ce kwance, ta kai girman saniya, amma ƙarin wutsiyarta a karye yake.

Tsohuwar ta ce, "Wace ce wannan da ta zo ban aika mata ba?"

Keziya ta ce, "Ke ce Mutuwa?"

"Ni ce. Sarakuna na jin sunana su kasa haɗiye yawu."

Keziya ta ajiye tsoro gefe. Ta ce, "To ni yawuna ya ƙafe tun a makabarta. Ke ce kika bi mutum har gona, kika same shi shi kaɗai, ba ki bari ko matarsa ta riƙe masa kai ba. Ba ki da kunya. Ɗauko mabuɗi ki buɗe mini inda kika kulle mijina."

Mutuwa ta daina shara. Ta kama guntun igiyar ƙugunta ta ɗaga ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin taɓa mini inda ke ciwo. A nan mabuɗan suke rataye tun daga mutumin farko. Sai aka kawo mini wani daga kan gungumen da aka gicciye shi, hannuwansa a huje. Na share shi ciki kamar kowa, na kulle. A rana ta uku ga abin da ya yi wa ƙyaurena, ga abin da ya yi wa kunamata, mabuɗan kuma ya tafi da su. Tun ranar ni mai shara ce kawai. Ina tarawa, amma ba ni ke rabawa ba."

"To ina kika tara Irmiya?"

"Na kawo shi bakin ƙofa, aka karɓe shi daga hannuna. Ba a gaya mini inda ake kai su. Ke kina ganin ana shawara da ni? An riga an gaya mini ƙarshena. Ni ce abokiyar gāba ta ƙarshe da za a kawar, ni da birnin nan duka za a jefa mu a tafkin wuta. Kullum ina shara ina jin ƙaurinsa."

Keziya ta ce, "Allah ya gaggauta." Ta tsallake ƙyauren ta shiga.

Cikin birnin Lahira ba kasuwa, ba gona, ba hayaƙin girki. Hanya ɗaya ce ta miƙe, tana gangarawa, zafi na ƙaruwa. Ta bi ta har ta iso wani kwari mai kama da jujin bayan gari, wuta na cinsa ba ta mutuwa, tsutsotsi na yawo a cikin wutar ba sa ƙonewa. Daga cikin hayaƙin ana jin kuka da cizon haƙora. Keziya ta leƙa cikin hayaƙin. Ta tsaya ta ƙwala kira, "Baban Godiya!" Ba wanda ya amsa.

Sai ga wani ya fito daga hayaƙin, fes da shi, farar rigarsa ko ɗigon toka babu, muryarsa kamar zuma. Ya ce, "Sannu da hanya, Maman Godiya. An zalunce ki, na gani da idona. Ni ne Mai Ƙara, aikina ke nan kai ƙarar mutane dare da rana. Ga kujera, zauna mu yi magana."

Ta ce, "A tsaye na zo."

"To ji. Zan nuna miki inda mijinki yake. Abin da nake so ƙanƙane ne. Mutumin nan da ya nuna kabari da sanda, ki ambaci sunansa a nan, ki ce wuta ta dace da shi. Shaidar gwauruwa tana da nauyi. Ni kuma in share masa wuri."

Gaskiya sunan ya taso mata har bisa harshe. Ta tuna sandar, ta tuna fuskar Godiya, ta ji daɗin abin tun kafin ta faɗa. Sai ta dubi kwarin, ta saurari kukan da ke fitowa daga ciki, ta dubi mai farar rigar ta ga yana lasar baki.

Ta ce, "Wato aikin da aka yi mini kake so in yi wa wani. In tsaya a bakin rami in nuna da sanda. Dattijo Barnabas nawa ne, ni zan wanke shi tas da bakina a gaban jama'a, ban ba ka aronsa ba. Kuma kai da ke share wa mutane wuri, na ji an ce tafkin can domin kai da 'yan korenka aka shirya shi tun farko. Je ka share naka."

Fuskar Mai Ƙara ta tsage kamar busasshiyar ƙasa, abin da ke ƙarƙashinta ba ya faɗuwa. Ya yi wata ƙara ya bi ta, ƙasa na darewa a bayanta. Keziya ta ruga da tulu a ka, ruwa na kaɗawa, ƙafafunta na ƙuna, har ta iso inda hanya ta ƙare. Nan ya tsaya cak, ya koma da baya, don akwai wanda ke tsaye a wurin.

Wani rami ne a gabanta wanda ba a ganin ƙasansa, faɗinsa kuma ya fi ƙarfin ido. Can ƙetare akwai wani haske mai laushi irin na bayan ruwan sama, iska na kawo ƙanshin danyar ƙasa. A bakin ramin wani mala'ika ne tsaye, takobinsa a kube, fuskarsa ba ta kalluwa.

Ya ce, "Salama gare ki, Keziya. Nan iyakar masu tafiya. Na wannan gefe ba sa ƙetarewa can, na can ba sa ƙetarowa nan. Kowa na jiran ranar da za a ta da matattu a yi shari'a."

Keziya ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo ƙetare ba. Ka gaya mini inda mijina yake in ba shi ruwa. Ya sha burukutu, ban musa ba. Ya ba ni kunya, ya sa na yi kuka a ɗaki ba sau ɗaya ba. Amma ko kare aka bari da ƙishirwa ai an yi zalunci."

"Ba a ba ni in faɗa ba. Shari'a tana hannun Mai Mabuɗi, shi kaɗai ya ji abin da aka faɗa a gindin ɗorawa."

Nan fa fushinta ya tashi gaba ɗaya. Ta ce, "Kowa ba a ba shi ba. Mutuwa ba ta sani ba, kai ba ka faɗa, amma wani tsoho a Rafin Tsamiya ya sani har yana nunawa da sanda. To wa ya ba shi?"

Mala'ikan ya ce, "Ba wanda ya ba shi. Wutar da kika gani gaskiya ce, kuma gargaɗi a kanta wajibi ne. Horo ma an ba ikkilisiya, domin a jawo mutum ya dawo. Amma benci na katako ne, kafinta ya yi shi, ba kursiyin shari'a ba ne. Yanzu ni ma in tambaye ki. Me ke cikin tulun nan?"

"Ruwa."

"Wa kika kawo wa?"

"Mijina."

"A wane gefe kika neme shi?"

Keziya ta waiwayi hanyar da ta biyo. Tun daga rafi har nan, ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta nemi Irmiya a wani wuri ba sai cikin wuta. Ta zagi Dattijo a kowane taki na hanya, ashe maganarsa ce ta ɗauko a ka, ta tsare ta daga iska da tsuntsaye, ko ɗigo ba ta bari ya zube ba. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta ƙara mata haushi.

Mala'ikan ya ce, "An hana ni faɗa, amma ba a hana ki aikinki ba. Akwai mamacin da ba a raka da waƙa ba."

Duk macen zumunta ta san tulu mai ruwa ba ya kiɗa. In ka buga bakinsa sai ya yi wani ɗan tus ya mutu. Keziya ta sauke tulun, ta kwance ɗankwalin, ta tsaya tana kallon ruwan. In ta zubar, kuma ya zamana Irmiya na cikin kwarin can, ta zo hannu wofi ke nan. Sai ta karkata tulun, ruwan ya bi bakin ramin ya tafi, ba a ko ji saukarsa ba.

Ta durƙusa bisa gwiwa, ta rungume tulun, ta buga bakinsa da tafin hannu. Ya amsa da wata murya mai zurfi har ƙasa ta motsa. Ta ɗauko waƙar da suke raka gawa da ita, ita kaɗai. Ta kai baiti na farko, shiru. Ta shiga na biyu, sai ta ji daga ƙetare, cikin hasken nan, taro mai yawa sun karɓa, muryoyi ba iyaka, duk a daidai. Suka kai ƙarshen baitin suka tsaya tare.

Sai wata murya guda mai kauri ta biyo baya, tana jan ƙafa, ita kaɗai, tana ƙarasa abin da kowa ya gama.

Hannun Keziya ya tsaya a kan tulu. Ta miƙe ta ce da ƙarfi, "Baban Godiya, har a nan ma ba za ka shiga waƙa a kan lokaci ba? Ka bar ni na ratso toka har wuya, kai kana can kana ɓata wa mutane baiti." Daga nan muryarta ta karye. Hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar gona suka zo gaba ɗaya, suka rufe mata ido. Da ta share su sai ta ga kanta a durƙushe a gefen kabarin Irmiya, rana ta karkata, dutse kuma ya koma dutse, ba alamar ƙofa.

Ta koma gida ta ce wa Godiya, "Tashi ki ci abinci. Na ji muryar babanki, kuma ba daga cikin wuta ba."

Ran Lahadi Keziya ta shiga majami'a da tulunta, ta wuce wurin zaman matan zumunta, ta je ta zauna a bencin baya. Aka yi ta waiwaye. Dattijo Barnabas ya ce daga gaba, "Maman Godiya, wa ya sa ki a horo?"

Ta miƙe ta ce, "Baba, ba kowa. Bencin nan naku ne, ku zaunar da wanda kuka ga ya dace, ban hana ba. Amma mabuɗan can ba sa hannunku. Na je na duba, ko Mutuwa ba ta da su. Kun tsaya a kan kabarin mijina kun faɗi abin da ba ku sani ba, a gaban 'yarsa, yarinya ta wuni tana ganin ubanta a wuta. Wannan ba zan ce bai yi mini zafi ba, kuma a gaban jama'a kuka faɗa, shi ya sa na mayar muku a gaban jama'a. Yanzu zan tafi in raka mijina. Mai zuwa ta zo."

Ta ɗauki tulu ta fita. Uwar zumunta ce ta fara tashi, kanta a sunkuye, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya da kacau-kacau a hannu. Dattijo ya daɗe a tsaye cikin majami'ar da ta kusa zama wofi. Daga baya aka gan shi can nesa da kabarin, ya cire hula, sandar kuma ya bar ta a jingine a ƙofar majami'a.

Tun daga ranar matan zumunta ke ƙorafi cewa kiɗan Keziya ya canja. In an kai ƙarshen baiti ba ta shiga na gaba nan da nan, sai ta ɗaga hannu ta ɗan dakata. Uwar zumunta ta taɓa tambayarta dalili. Keziya ta harare ta ta ce, "Akwai wanda bai gama ba."